Cibiyar Da Na Ɗaure Wa Wayar Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na tsaya a gaban mutane na kushe aikin yaron kirki, alhali ɓarnar tana rataye a bayan gadona. Ko ni na manta, matan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Ni ungozoma ce. Ban taɓa zama a bencin lekol, makarantar boko, ba, amma da yawa daga masu gemun da ke Matameye, har Kurni da Ɗan Barto, ni na riga iyayensu ganin fuskarsu. Shekara da shekaru ina yanke cibiya ina ɗaurewa, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya an ce ta kwance ba. Yanzu mata duk gidan likita suke tafiya, hannuna ya huta. Bakina ne dai bai huta ba. (Jikata Rabi ce ke rubuta wannan, ga ta nan tana ƙunshe dariya.)

Ita Rabin shago ta buɗe a zauren gidanmu, tana buga wa mutane takardu tana aika musu dosiye, wato takardun neman aiki ko karatu, ta intanet. Babbar ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, tana wani ɗan ɗaki na baya saboda hayaniya. A bangon zaure kuma akwai wani ɗan akwati da suke kira suwic, mai ƙananan fitilu kore masu ƙifta ido. Wai sai an haɗa su biyun da waya kafin saƙo ya fita. Tsakaninsu kuwa ɗakina ne. Aka huda bango nan, aka huda can, wayar ta bi ta bayan gadona.

Wanda ya ja wayar Sani ne, mai gyaran irin waɗannan injuna, kuma shi ke neman auren Rabi. Ni na karɓi haihuwarsa, na san shi tun bai san kansa ba. Amma tun da ya fara zuwa zance ya daina haɗa ido da ni, balle ya taka ƙofar ɗakina. Don haka ranar aikin, daga zaure ya zuro shuɗiyar wayar ta huda, ni na karɓa na zura ta ɗaya hudar.

Da suka gama sai na ga ragowar waya ta kai kamu huɗu, zube a ƙasa kamar maciji ya sha rana. To ungozoma ba ta ganin doguwar igiya a sake ta wuce. Na naɗe ta, na lanƙwasa gida uku, na ɗauko baƙin zarena na yi mata ɗauri biyu tamau, irin wanda ya sa aka san sunana. Na saƙala a ƙusa. Sai ga shi ta zama maratayi mai kyau. Nan na riƙa rataye mayafina da tsohuwar jakar aikina, wadda ba na rabuwa da ita ko zaure zan fita.

Bayan kwana biyu aka fara. Ina kishingiɗe sai in ji Rabi: "Rezo ya tafi," wato hanyar aika saƙo ta yanke. Ta je zaure ta ga fitilar layinta ta mutu. Can fitilar ta dawo, can ta sake ɗaukewa. Mutane na zaune da takardunsu, ita tana ta ba su haƙuri.

Sai ta kira Sani. Ni kuwa da na ji ƙarar babur ɗinsa sai in ɗauki mayafi da jaka in fito, don in ga abin da zai yi. Ya zare wayar ya mayar da ita wani rami a jikin akwatin. Fitila ta kama. Washegari ya yanke kawunan wayar biyu, ya matse sababbi da wani abu kamar awartaki. Ta kama. Rana ta uku ya zo da tasa 'yar ordinatar ya gwada, lafiya lau. Kullum in yana nan, fitila tana ci kamar ba ta taɓa laifi ba. Yana tafiya, in koma ɗaki in rataye kayana, sai in ji "Rezo ya tafi."

Nan na haɗa ɗaya da biyu, ni mai wayo. Na ce da Rabi, "Ke yarinya ce. Cutar da ke warkewa in boka ya zo, ta tashi in ya tafi, ai bokan ne cutar. So yake kullum a kira shi ya zo ya gan ki."

"Iya, Sani ba haka yake ba."

"Ni na ɗauko shi daga ƙasa, za ki gaya mini yadda yake?"

Da abin ya ishe shi ya ce a sake wayar gaba ɗaya. Ya tsaya a zaure ya ce, "Iya, a taimaka a turo tsohuwar." Na kwance ɗaurina (zaren ai nawa ne), na tura masa, na karɓi sabuwa na zura. Ko a raina ban kawo komai ba. Suna tafiya na yi wa sabuwar ɗauri uku, don na ga kamar na farkon bai matsu sosai ba. Kwana biyu ta yi, ita ma ta fara.

Ana cikin haka gwaggon Sani, Hajiya Mairo, ta zo jin ranar da za su kawo kayan gaisuwa. A tsakar gida, gaban maƙwabta uku, na gyara zama na ce, "Hajiya, yaron da ya kasa riƙe igiya ɗaya, shi za a damƙa wa igiya uku ta aure? Sai ranar da fitilar nan ta wuni ba ta mutu ba, sannan ku dawo mu yi magana." Rabi ta shige ɗaki. Ni kuwa ji nake na yi magana irin ta manya.

Ranar kasuwa Sani ya zo tun da hantsi, gwaggonsa na biye da shi, wai ta zo ganin ƙarshen zance. Zaure cike da masu jiran takardu. Ya ce yau ba inda za shi. Ya cire wayar daga suwic ya soka ta a wani ɗan abin gwaji mai fitilu takwas, aka sa ɗan'uwan abin a ɗaya bakin. Fitilu takwas suka riƙa kamawa bi da bi.

"Kin gani ko," na ce da Hajiya Mairo. "In yana nan lafiyarta ƙalau."

Muka yi ta zama har ƙafata ta yi sanyi. Sani ya ce, kansa a ƙasa, "Iya, a shiga a huta mana." Na shiga, na rataye mayafi da jaka. Ban kai ga zama ba na ji shi: "Ta uku ta mutu."

Na suri kayana na fito in gani da idona. Takwas cif.

Ya dube ni, karo na farko cikin wata shida. "Iya, don Allah a sake shiga."

Sau uku ina shiga ina fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In na shiga ta mutu, in na fito ta kama. Wani dattijo mai jiran takardar gona ya ce, "Ashe rezon a jikin Iya yake." Aka yi dariya, har da ni, don har lokacin ban gane ba.

Sani ya ce, "Iya, ko za a bar Gwaggo da Rabi su duba bayan gado? Wataƙila ɓera ne."

Ɓera, a ɗakina. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku shigo dukanku, har da kai." Ya tuɓe takalmi ya shigo kamar mai shiga masallaci. Na ja gado da kaina, na nuna musu da yatsa, ina hura hanci: "Ina ɓeran? Ga ma gyaran da na yi muku, da kuka bar waya zube kamar ba masu hankali ba. Ku dubi ɗaurin nan. Duk garin nan wa zai yi irinsa?"

Rabi ta sa mayafi ta toshe baki. Hajiya Mairo ta juya tana kallon rufi, kafaɗunta na rawa.

Sani ya durƙusa ya yanke zaren, ya fere wayar daidai lanƙwasar. Ashe 'yan siraran wayoyi takwas ne a ciki kamar jijiyoyi. Ɗaya ta karye, bakin da bakin suna taɓa juna. In ba nauyi su haɗu, in na rataye jaka su rabu.

Na so ƙasa ta tsage. Ni da na tara mata na yi wa ɗan mutane hukunci.

Shi kuwa, maimakon ya rama, sai ya ce a hankali, "Iya, ɗaurin ba shi da laifi. Irinsa aka yi mini, har yau bai kwance ba. Sai dai ita cibiya ana ɗaure ta ne don kada komai ya wuce. Wannan kuwa so ake ya wuce."

Ya ja wata sabuwa, ya naɗe ragowar sako-sako kamar gammo. Fitila ta wuni tana ci. Da la'asar Hajiya Mairo ta gyara mayafi ta ce, "To Iya, igiya ɗaya dai ta riƙu. Sauran ukun fa?" Na ce su zo ran Juma'a, muryata kamar ta mai mura.

Abin da na koya bai wuce wannan ba: in cuta tana tashi duk sanda ka shiga ɗaki, kafin ka zagi boka, ka fara duba abin da ka rataye. Wayar tana nan bayan gadona har yau, a sake. Kullum na kalle ta sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, sai in zauna a kansa.