Tukunyar Ƙamshin Kaka

"Lafiya lau na wuni, Kaka, amma tsaya in yi atishawa tukuna, sannan mu ƙarasa gaisuwar."

Jikan kuwa ya yi ta, yana dafe da ƙyauren ɗaki.

Kaka na zaune a bakin gado, sandar ƙarfen da aka ba ta a asibiti na jingine da gwiwarta. Tun da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, 'yarta ta ɗauko ta daga gidanta ta ajiye ta a wannan ɗaki na kusa da falo. An raba ta da keken ɗinkinta, an raba ta da gishiri da sukari, duk ta yi gunaguni ta haƙura. Sai ga shi kwanan nan ta yi odar wata 'yar na'ura ta waya, mai babur ya kawo har ƙofa. 'Yar tukunyar roba ce mai murfi, a zuba ruwa, a ɗiga man ƙamshi, a jona ta da wuta, sai ta riƙa busa tururi mai sanyi. Tun daga ranar surukinta, wato maigidan, yake yawo da hankici a hanci. 'Yar ba ta iya tunkarar uwarta da maganar, suruki kuwa ko da wasa. Shi ya sa aka turo jika, ma'aikacin jinya, wanda Kaka ke kira Sarkin Allura. Da ta gan shi da rigar aiki ko tuɓewa bai yi ba, ta san aiko shi aka yi.

"Atishawar lafiya ce," in ji ta. "Wari ne ke fita daga jikinka, ƙamshi na shiga. Zauna ka warke kyauta."

"Wannan ƙamshi ne ko hukunci? Tun daga bakin titi nake hawaye. Sauron unguwar nan duk sun kwashe kayansu, na gamu da su a hanya suna cigiyar gidan haya."

"Ai da ka bi su. 'Yan'uwanka ne, sana'arku ɗaya, ku soki mutum ku zuƙi jini."

"Haba tsohuwa, mijinki guda kike haɗawa da sauro?"

"Wane miji? Mijin da ke zuwa hannu rabbana, yana warin maganin goge ƙasa? Ni na daɗe da yaye ka, kai ne ba ka da zuciya."

Ya matsa kusa da tebur inda ƙananan kwalabe ke jere: na'ana'a, lemo, kanumfari, da wani mai hoton fure ruwan hoda. Ya ɗaga ɗaya ya haska a taga.

"Kaka, wannan sabo ne, ga shi har ya kai rabi. Sha kike yi?"

"Da shi nake karyawa. Ina ruwanka?"

"Ɗigawa fa ake yi. Ke kuwa tuttula shi kike kamar mai zuba mai a miya. Baba ya yi atishawa jiya har hularsa ta faɗa cikin shayi."

"Ubanka tun ranar da ya zo neman 'yata yake atishawa. Tsorona ne, ba ƙamshi ba."

Ya miƙa hannu zai zare wayar daga bango. Kafin ya kai, sanda ta riga shi, ta gitta a gabansa.

"Taɓa ka gani. Ƙuguna ne ya karye, hannuna na nan ƙalau."

"Umma ce ta ce in ɗauke ta."

"Ni na haifi Umman taka. Ta zo da ƙafarta ta faɗa mini, ba ta turo mini ɗan tsako ba."

"Ɗan tsakon da ke yi wa manya allura suna kuka?"

"Wanzami ba ya son jarfa. Wa aka danne a kan cinyata yana ihu ranar rigakafi, har ya jiƙa mini zane?"

"To, ya isa haka. Ni dai gaskiya nake faɗa, gwano ba ya jin warin jikinsa."

Ya yi tsammanin za ta rama da wadda ta fi wannan zafi. Sai ta zuba masa ido. Maganar ta faɗa daidai inda ke mata ciwo.

"Ashe ka sani," ta ce. "Rannan autarku ta shigo kawo mini ruwa, ta toshe hanci, ta ce ɗakin Kaka warin asibiti yake. Yarinya ba ta ƙarya. Man zafi, ƙwayoyi, bandeji, shi ke nan abin da na zama. Ni da mata ke shigowa shagona awon kaya su ƙi tafiya don daɗin wurin. Kun karɓi kekena na yi shiru, kun karɓi gishirina na yi shiru. Amma ba zan zauna ina warin majinyata ba alhali ban mutu ba. Wannan tukunya, sai dai ku fitar da mu tare."

Sarkin Allura ya janye hannunsa. Ya dubi kwalbar da ta kai rabi, ya dubi Kaka, sai ya buɗe wata ya rufe takardar jikinta da yatsa, ya kai mata hanci.

"Wannan mene ne?"

Ta shaƙa da ƙarfi. Ba ta ji komai ba sai ɗan sanyi-sanyi, amma ba ta ga dalilin da zai sa ta gaya wa wannan yaro haka ba.

"Na'ana'a mana."

"Lemo ne."

"Lemon da ya yi maƙwabtaka da na'ana'a."

Ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Kaka, hancinki ya yi ritaya bai yi miki sallama ba! Shi ya sa kike ta zubawa, ke ba ki ji ba, mu kuma muna mutuwa."

"Hancina lafiyarsa ƙalau. Hutu ya ɗauka saboda yawan zuwanka."

"To ga shawara. Ni zan zama hancinki. Kullum in na taso aiki in biyo, in zuba ruwa, in ɗiga miki uku, a buɗe taga, in ta ɗan yi aiki a kashe."

"Uku? Sadaka nake roƙo? Goma."

"Goma sai mu kwana a asibiti gaba ɗaya. Huɗu."

"Biyar. Kuma tukunya ko inci ba za ta matsa daga nan ba. Kuma in autarku ta sake toshe hanci, kai zan kama."

"Na ji, na yarda. Amma me zan gaya wa Umma?"

"Ka ce ka zo, ka gani, an fi ƙarfinka."

Ya juye ruwan tukunyar a banɗaki, ya ɗauraye, ya zuba sabo, ya ɗiga man lemo yana ƙirgawa da ƙarfi, ita kuma tana ƙirga nata daban don kada ya cuce ta. Ya tura taga. Can sai ga auta ta leƙo da kanta ta ƙofa, ta ɗaga hanci sama.

"Kaka, lemo kike sha? Sam mini."

"Shigo ki zauna," in ji Kaka, tana matsa mata wuri a kan gado, fuskarta kamar ba komai.

Da Sarkin Allura ya miƙe zai fita, ta ɗauki kwalbar kanumfari ta jefa masa. Ya cafe.

"Ungo. Ka riƙa ɗigawa a ɗakinka, ko Allah zai sa wata ta iya tsayawa kusa da kai har ku gama gaisawa."

Ya sa kwalbar a aljihu, ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya. "An ci ni da yaƙi, tsohuwa. Sai gobe."

"Ka zo da wuri. Kuma ka yi wanka kafin ka shigo mini ɗaki."