Agogon Injiniya Kuwabara

A duk unguwarmu ta Osaka babu masanin lantarki kamar Kuwabara. Tun ranar da ya canja fiyus ɗin gidansa da hannunsa, shekara talatin ke nan, muke kiransa Injiniya, shi kuma yake amsawa da ƙasaita. Ba ya ɗaura agogo, ba ya riƙe wayar hannu. Yana da tsohon agogon ubansa, irin wanda ake jonawa a soket, yana ƙirga lokaci da bugun wutar gida.

"Batir maƙaryaci ne," in ji shi. "Wutar bango ba ta taɓa yi wa mutum ƙarya ba."

Da bikin jikarsa Nanae ya taso a Tokyo, aka ba shi jawabin buɗe walima, ƙarfe sha biyu daidai. Ya rubuta shafi bakwai a kan mutunta lokaci. Ya naɗe agogon a bargo, ya rungume shi har gidan ɗansa, ya jona shi ƙarfe shida na yamma, ana gobe biki.

Matarsa Sumie ta tuna masa cewa wutar Tokyo bugu hamsin take yi a daƙiƙa, tamu ta Osaka sittin, don haka agogon zai riƙa ja da baya.

"Baiwar Allah, je ki ji da rigarki ta kimono," ya ce. "Soket ɗin ya karɓa ko bai karɓa ba?"

Ya karɓa kam, tsaf.

Da safe gida ya kaure da shiri, Injiniya na zaune yana kurɓar shayi. Aka nuna masa agogo huɗu, ya ce duk huɗun gaggawar mutanen Tokyo ce ta kama su. Nanae ta aiko tana roƙon Kaka ya taho, ya ce bai taɓa makara ba, ba zai fara yau ba. Suka gaji suka tafi. Ni dai yarinyar ta ba ni tausayi.

Sha biyu saura kwata a agogonsa ya bar gida, ya shiga zauren da ake haya don biki, ana ta tafi. Ya wuce kai tsaye ya karɓi lasifika daga hannun mai gabatarwa, ya karanta shafi bakwai cif. Amarya har da hawaye.

Yana fita ya tarar da Sumie a bakin ƙofa, riƙe da jakar tsarabar biki.

"Kin ji jawabi?" ya ce.

"Na ji. Namu ya tashi tun ɗazu. Wannan amaryar 'yar wa ce?"