Ranar da Darakta Ya Ladabtar da Fitilun Mota

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar shugabanci a unguwarmu, sai a fara da Darakta, a tsaya a huta, sannan a duba ko akwai saura. Mutum ne dogo, mai tumbi daidai misali, yana tafiya kamar ana ɗaukar hotonsa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ɗan yi nazari kafin ya amince. Gaskiya ne bai taɓa zama cikakken darakta ba. Wata shekara ce maigidansu ya tafi jinya, aka ce ya riƙe ofis kafin ya dawo. Maigidan ya warke da wuri, amma Darakta bai warke ba har yau. Shi ya sa a gabansa ake cewa Darakta, idan ya ba da baya a ce Riƙon Ƙwarya.

Da ya yi ritaya, ma'aikata biyu suka rage a ƙarƙashinsa: Hajiya matarsa, wadda ta daɗe da daina karɓar umarni, da motarsa Tsohuwar Zuma. Motar ta girmi autarsa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai ya sauke gilashi ya miƙa hannu waje, kuma yana yin hakan cikin ƙasaita har ka ɗauka haka ake ƙera motocin manya.

Wata safiya ya murɗa makulli, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Hajiya ta leƙo ta ce, "Baban Auta, ka kai ta wajen bakanike mana."

Darakta ya gyara zaman tabarau. "Hajiya, ni da na riƙe ma'aikata sukutum, zan kai ƙorafi gaban mutumin da ke kwanciya a ƙarƙashin mota? Wannan ba lalacewa ba ce, neman suna ne. Na san irinsu. Ƙaramin ma'aikaci idan yana so a san da zamansa, sai ya fara ƙyafta ido. Maganinsa a share shi."

Aka share ta. Ita ma ta share su, ta ci gaba da haskenta.

Ba a jima ba ta samu ƙawa, wata ja mai siffar batir. Tare da ita wani kuka ya fara fitowa daga cikin bonet, irin na ɗan akuya da aka raba da uwarsa. Nan Darakta ya gane abin ya wuce neman suna. "Ƙungiya suka kafa," in ji shi.

Ba ya wasa da tawaye. Nan take ya kafa kwamitin bincike, ya naɗa kansa shugaba, ya gayyato maƙwabcinsa mai shagon magani a matsayin mamba, tunda shi ma aikinsa ya shafi lafiya. Suka ɗaga bonet, suka goya hannu a baya, suka daɗe suna kallon inji, inji yana kallonsu. Darakta ya ƙwanƙwasa batir da makulli ya kasa kunne. Ya ƙara ɗaure murfin ruwan wanke gilashi. Kwamiti ya gano cewa zagon ƙasa ne daga gidan mai, ya kuma yanke hukuncin dakatar da fitilun biyu daga aiki. Darakta ya yanko baƙin salatif ya liƙe su da hannunsa mai albarka. Dashbod ya yi tsit. Kukan akuyar kuwa, aka ƙara sautin rediyo.

Ana nan sai aka kira Auta intabiyu a wani kamfani da ke garin gaba. Yarinyar ta daɗe da gama karatu tana zaune, takardunta har sun fara laushi saboda yawon neman aiki. Ta goge kayanta tun jajibere, ta ce da sassafe za ta je tasha ta hau bas.

"'Yar Darakta a motar haya?" Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ai da zarar sun ga na sauke ki a bakin ƙofa, an gama intabiyu. Sauran tambayoyin gaisuwa ce."

Auta ta dubi mahaifiyarta. Hajiya ta dubi rufin ɗaki.

Suka kama hanya. Da rana ta ɗan ɗaga, salatif ya fara saki, hasken waɗanda aka dakatar ya riƙa leƙowa ta gefe. Can sai kukan akuyar ya tsaya cak, wani abu ya yi fat a ƙarƙashin mota. Darakta ya yi murmushi, ya ce mai ƙorafi ya gaji. Sai dai sitiyari ya yi nauyi kamar ana juya dutsen niƙa, ga wata sabuwar ja ta fito, mai kama da tsinke a cikin ruwa. Bayanta wata mai siffar butar shayi ta biyo. Kafin su wuce gada, dashbod ya koma kamar shagon mai sayar da fitilun ado.

"Baba, ƙauri nake ji," in ji Auta. "Don Allah mu tsaya."

"Ba a tattaunawa da masu yajin aiki ana tsaka da tafiya." Ya nuna dashbod da yatsa. "Ku saurara da kyau. Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Na ga waɗanda suka fi ku haske, kuma na ga bayansu."

Salatif ya ƙare, don haka ya cire hularsa ya kifa a kansu. Ana ga yaƙi, Darakta yana ga ƙura.

A tsakiyar wani hawa Tsohuwar Zuma ta yi tari, ta yi atishawa, farin hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. Ta gangara gefen titi da kanta ta tsaya. Darakta ya ɗaga hular a hankali. Babu fitila ko ɗaya. Ja da ruwan ɗorawa duk sun mutu.

"Kin gani?" ya ce wa Auta. "Wannan shi ake kira shugabanci. Kowa ya shiga taitayinsa."

Ya murɗa makulli. Makulli ma ya shiga taitayinsa.

Auta ta buɗe ƙofa. Ta duba agogo, ta rungumi takardunta, ta fito bakin titi idonta cike da ƙwalla tana ɗaga hannu. Allah ya taimake ta wata bas ta tsaya. Tana hawa, Darakta ya leƙo ta taga yana ɗaga murya, "Kada ki manta ki gaya musu ke 'yar waye!"

Da la'asar janwe ta shigo da shi unguwa. Ya ƙi zama kusa da direban janwe, ya ce kowa da matsayinsa. Yana cikin motarsa riƙe da sitiyari, an ɗaga gabanta sama, hancinsa ya fi na kullum kusa da gajimare, yana ɗaga wa jama'a hannu. Bakanike ya duba inji ya yi masa ta'aziyya. Darakta ya sanar da maƙwabta cewa Tsohuwar Zuma ta yi ritaya bisa raɗin kanta, bayan doguwar hidima.

Auta kuwa ta samu aikin. Ranar da labari ya zo, Darakta ya fito da kujera ƙofar gida yana karɓar barka, yana bayyana wa duk mai wucewa cewa suna mai kyau ya fi takardar shaida, kuma akwai sunayen da ko a ƙafa suka je sai ƙofa ta buɗe.

A kicin Hajiya ta rage murya. "Auta, da gaske sun tambaye ki babanki?"

"Sun tambaya, Mama. Shugaban yana ganin sunan ya ajiye biro, ya ɓata rai, ya ce ko ni 'yarsa ce."

"Kika ce me?"

"Na ce suna ne ya zo ɗaya. Sai ya ce alhamdulillahi, bismillah zauna."