Ogan da Ke Cikin Sabuwar Wayata

Ko da zan manta lambata ta soja, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tantance ni ba.

Ni tsohon kofur ne, ina zaune a Kafanchan ni kaɗai tun da Maman Talatu ta koma ga Ubangiji. Karatuna bai wuce in gane sunana a takarda ba, shi ma sai an rubuta shi manya-manya. Wayata ƙarama ce mai tocila, kuma ba mu taɓa faɗa da ita ba. In ta yi kuka in danna kore, in na gaji da mutum in danna ja (daga baya in ce masa netwok ne).

Sai labari ya zo wai bana ba za mu je layi ba, ta waya za a duba ko muna da rai. Wanda bai nuna fuska ba, a ɗauka ya mutu, a tsayar da fanshonsa. Talatu, 'yata da ke aure a Sabon Tasha, ta aiko mini babbar waya mai shafawa ta hannun direba. Ita ba ta samu zuwa ba, aiki. Na juya abin nan gaba da baya, ban ga wurin dannawa ba.

Na kai wa Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare da ke taimaka wa 'yan fansho a harabar cocinmu. Ranar kuwa zumuntar mata suna koyon waƙa a gefe. Na sha guga, na goge takalmi, na kafa koriyar hulata ta da. A raina yau zan ga manya. Na daɗe ina tara magana a ciki: me ya sa Danladi, wanda ni na koya wa riƙe bindiga, ya yi ritaya bayana da igiyar kofur irin tawa, amma abin da yake karɓa ya fi nawa? Daji ɗaya muka kwana, sauro ɗaya ya cije mu. To da wa zan yi zancen? Abokan da muke zama da su gindin mangwaro kusa da tashar jirgi duk sun tafi, ɗaya bayan ɗaya.

Madam ta shafa, ta shafa, ta jingina wayar a taga daidai fuskata. "Baba Soja, cire gilashi, haka suke so. Ka kalli nan, za su gan ka." Sai matan suka kira ta ta gyara musu murya, ta tafi.

Ni kuwa in ba gilashi, ko akuya ce ta wuce sai na gaishe ta. Na leƙa, sai ga wani dattijo a ciki da koriyar hula, kumatu sun faɗa, ya zuba mini ido. Na ce lallai, babban oga suka sa da kansa. Na buga ƙafa, na sara masa. Shi ma ya sara mini nan take (na ce a raina, wannan ya san darajar ƙananan sojoji).

Na ƙame kamar a fareti, ko ƙifta ido ban yi ba.

"Sa, kofur mai ritaya yana neman izinin magana, sa."

Na ga bakinsa ya motsa, na ɗauka izini ne. Na zayyana masa zancen Danladi. Na gaya masa halin da ƙafata ta hagu take ciki. Ban san lokacin da na bar fansho na shiga wani abu daban ba: cewa har yanzu nakan yi kuskure in dafa abincin mutum biyu, cewa rana takan fito ta faɗi ban ji muryata ba sai in kaji na kora.

Ban lura waƙa ta tsaya ba.

"Baba Soja, da wa kake magana?" Madam ce a bayana, mata sun taru a bayanta.

"Da oga. Ki bari, yana saurare."

Ta ɗauki gilashina ta ɗora mini a hanci. "To duba oganka."

Hulata ce. Kumatuna ne. Har tabon goshina yana nan.

Wata ta toshe baki da gefen zani ta ce, "Wayyo Yesu, kansa ya sara wa." Dariya ta tashi, sai kuma ta mutu da wuri, kuma wannan ya fi ciwo, don na gane ba sarawar kaɗai suka gani ba, sun ji komai.

Madam ta duba wayar. "Ka gani, an ƙi ka. Inji ne, Baba, ba mutum ba. Ya rubuta maka ka ƙifta ido, kai kuma ka ƙame, ya ɗauka hoto aka nuna masa. Cire gilashi mu sake."

Wannan karon ban sha wuya ba. Idona ya riga ya cika, sai ƙiftawa nake kada ya zubo a gaban matan mutane. Wayar ta yi 'yar ƙara.

"Shi ke nan," in ji Madam a hankali. "Sun yarda kana da rai."

Fansho bai tsaya ba, bai kuma ƙaru ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka kai kuka, sa gilashinka ka ga wa kake kai wa. Amma tsakani da Allah, cikin duk manyan da na taɓa tsayawa a gabansu, tsohon nan ne kaɗai bai katse ni ba.