Ɗakin Katakon Tsohon Darakta

Allah Ya yi wa unguwarmu baiwa da Ya ajiye mana Tsohon Darakta. Tun da ya yi ritaya bai bar ƙwaƙwalwarsa ta huta ba, mu ma bai bari mun huta ba. Matasa na kiransa Kundin Doka. Ya ji, ya kuma ji daɗi.

Filaye biyu ya saya a gefen gari, manne da juna. Ɗaya ya sa sunansa, ɗaya na matarsa Hajiya mai sayar da atamfa, don kada masu haraji su ɗauke shi babban mai ƙasa. Sai hikima ta sake sauko masa: zai kafa ɗakin shaƙatawa na katako daidai kan iyakar filayen.

"Harajin fili mai gini ya fi na fili tsirara," ya ce wa kafinta, hannu a bayansa. "To rabin ɗaki gini ne? Kowane fili rabi zai ɗauka. Ni na zauna a kujerar da ake tsara irin waɗannan dokoki."

Kafinta ya ce yadda Yallaɓai ya ce haka za a yi. Yallaɓai ya kuma umarta ƙofa ta kalli titi, domin masu wucewa su riƙa ganinsa yana nazarin jarida. Titin kuwa ta ɓangaren Hajiya yake. Nasa ɓangaren ya samu taga ɗaya da ke kallon lungu.

Jami'ar haraji ta zo, ta saurari laccarsa har ƙarshe cikin ladabi, ta yaba da launin fenti. Ba a jima ba sakamako ya iso: filaye biyu, kowanne mai gini.

A nan ne Hajiya ta fara sanin tana da fili. Da ta nemi bayani, ya ce ai aron sunanta kawai ya yi, wannan magana ce ta masana. Ta je ta biya nata kason, ta biya ta kasuwa ta sayi sabon kwaɗo.

Ranar buɗe ɗaki ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa. Ya yi jawabi a kan hangen nesa, ya zaro makulli, makulli ya ƙi. Ya kira Hajiya a waya, ta ce tana da baƙi a shago, amma tagarsa a buɗe take.

Ya shaida wa baƙi cewa a gine-ginen zamani an fi so mai gida ya fara shiga ta gefe. Biyu suka tallabe shi, ɗaya ya riƙe masa hula, babbar rigarsa ta bar wani yanki nata a jikin ƙusa. A ciki ya tarar da dilolin atamfa jere har rufi, sun tsaya cak a kan iyaka. Kujerarsa kaɗai aka bar masa.

Ya leƙo ta taga yana gyara murya zai ci gaba da jawabi, sai ga wata mata ta biyo lungun da yarinya a goye. Ta hango atamfa a bayansa, ta tsaya.

"Sannu da aiki, Baba mai gadi. Hajiyar taka ta ce yaushe za ta fara sayarwa a nan?"