Tofi a Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunayen 'ya'yana: ranar da na sha rubutu ina tsugune, manyan malaman jami'a suna kallona daga garuruwansu.

Abin ya faro ne daga sakatariyarmu ta Ajingi, inda na daɗe a kujera ɗaya har ta ɗauki siffar jikina. Yaran da na koya wa riƙon fayil suka dinga wuce ni, don suna da takardar da ba ni da ita. Sai wani abokin aikina ya ce ai yanzu ana digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci ta intanet, kana gidanka, malami yana nasa. Na ce, "Da wannan furfurar?" Ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi." Na shiga. Amma na ja kunnen mai ɗakina, Maman Sadiku, na ce kada kowa ya ji, ko da mahaifinta ne. In zan faɗi, in faɗi a ɓoye. (Wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsokanar mutane a majalisa ya san abin da ke jiransa ranar da aka samu lagonsa.)

Matsalar ita ce sabis. Gidana yana gefen garin Gaya, a wani kwari da in ka tura gaisuwar Juma'a sai Asabar take fita. Na zagaye gidan da waya a sama kamar mai duban wata. Na hau soro, na hau katanga, kaji suna kallona. Daga ƙarshe na samu wuri guda: gindin wata tsohuwar tsamiya a bayan unguwa, kan hanyar gonaki. Can sabis zuba yake kamar an fasa famfo.

Kai mai karatu ka riga ka hango inda aka dosa. Ni ban hango ba. Darussanmu a ƙarshen mako ake yi, wani da rana tsaka, wani dab da magariba, daidai lokutan da iyayenmu suke hana kowa raɓar tsamiya. Ga ni zaune, waya a aljihu, ɗan abin sauraro maƙale a kunne, ina ta zuba Turanci ni kaɗai, ina wurga hannu. Wani lokaci in yi musu, wani lokaci in kece da dariya. Masu dawowa daga gona sukan yi mini sallama daga nesa su ƙara sauri. Ni kuwa na ɗauka kwarjinin ilimi ne ya fara aiki.

Labari ya hau babur sai Toranke, garin surukina, Baba Malam. Ya kira 'yarsa a waya ya tambaye ta abin da ke damun mijinta. Ita kuma baiwar Allah ta riƙe amana, ta ce, "Baba, ya ce kada in faɗa wa kowa." Shi ke nan, magana ta tabbata.

Ranar kare bincikena, wato jarrabawar ƙarshe, ta zo, wata Asabar da hantsi. An gargaɗe mu tun farko: kyamara a kunne, kada wani ya shigo, wanda ya tashi daga kujerarsa sai baɗi. Ni kuwa baɗi ta yi mini nisa, don a bana za a yi ƙarin girma a wurin aiki. Na ɗauki tebur da kujera da kwamfutar aro na kai gindin tsamiya, na zuba babbar riga, na kafa hula. Masu jarraba ni suka bayyana: wani dattijon farfesa Bayarabe, wata dakta mai tabarau da ba ta san dariya ba, da wani malami Bahaushe. Na fara bayani kan yadda manoman riɗi na Kademi za su haɗa kai su sayar da amfaninsu. Wallahi ranar bakina ya buɗe, har ni kaina ina mamakin Turancina.

Sai na ji a-daidaita-sahu ta tsaya a bayana, aka yi sallama da muryar da ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama.

Tun da na auri 'yar mutumin nan ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Ta ina zan ce masa, "Baba, ɗan jira"? Kafin kaina ya yanke shawara, jikina ya yanke. Na miƙe, wayar abin sauraro ta fizge daga kwamfuta, na tuɓe takalmi, na zube a ƙasa. Kwamfutar kuwa tana fuskantarmu, ba abin da ya wuce ta.

Muka gaisa: gajiya, iyali, damina, mutanen gida. Sannan ya ce, "Na ji komai."

Na ce, "Baba, ai dama…"

"Kada ka wahalar da kanka. Mai wannan lalura ba ya sanin yana da ita."

Ya cire mini hula. Sanƙon da na yi ta ɓoye wa 'yan ajinmu tun farkon karatu ya fito yana walƙiya, na tabbata har Legas an ga haskensa. Ya dafa shi, ya yi addu'a, ya tofa. Ya sake, ya tofa. Sai ya zaro kwalba daga aljihu. "Shanye. Ragowar ka shafa a fuska." Na shanye. Na shafa. Baƙin ruwa ya gangaro har wuyan babbar rigata.

Daidai nan daktar nan ta kira sunana da ƙarfi, tana tambaya da Turanci ko lafiya. Baba Malam ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi rassan tsamiya. A hankali ya ce, "Har da mace a cikinsu?"

Malamin nan Bahaushe, da ƙyar yake numfashi don dariya, ya ce, "Salamu alaikum, Baba. Mutane ne, ba mutanen ɓoye ba. Malamansa ne, jarrabawa yake yi."

Baba ya sunkuya ya leƙa kwamfuta, ya ga fuskoki har da tasa. Ya amsa sallama a tsanake, ya tambaye su iyali. Sannan ya juyo kaina. "Jarrabawa? Shi ne ba za a faɗa ba? Ni ma ina da waya, na san ana magana da na nesa. Amma duk faɗin Gaya sai gindin tsamiya?"

"Baba, nan ne kaɗai sabis yake."

"To su ma masu sabis ɗin a bincike su."

Ni dai na riga na yi wa ƙarin girma jana'iza a zuciyata. Na tashi daga kujera, wani ya shigo, kowace doka na taka ta. Farfesa ya sa aka fassara masa abin da ya faru. Ya cire tabarau ya share hawaye, ya ce a garinsu kwanciya ake yi flat-flat, rub da ciki, a ƙasa ga suruki, kuma da na bar tsohon nan a tsaye, shi da kansa zai kayar da ni. Ya ce in ci gaba daga inda na tsaya.

Sai dai kujera ɗaya ce, kuma ba ta yiwuwa in zauna Baba yana tsaye. Shi ya hau kujerar. Ni na ƙarasa kare bincikena a durƙushe, haɓata a bakin tebur, rubutu yana bushewa a fuskata. Duk inda na ja numfashi sai Baba ya ce, "Madalla." Daktar ma sai da ta yi murmushi.

Na ci, kuma ƙarin girma ya zo. Amma a Toranke ba wanda ya yarda ƙoƙarina ne. Baba yana faɗa wa kowa yadda ya same ni ina kame-kame, da na sha rubutu sai baki ya buɗe. A majalisa kuwa sunana ya koma Sarkin Tsamiya, har yara sun ɗauka sarauta ce.

Abin da na koya, wanda ba ya cikin manhajarmu, shi ne: in ka hana mutanenmu sanin abin da kake ciki, ba za su zauna haka ba. Za su samo maka nasu bayanin, su zuba shi a kwalba, su hau a-daidaita su kawo maka, kuma sai ka shanye.