Ranar Da Na Nemi Ƙarin Haske A Bikin Sadiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata Sadiya ba, kuma ko na so mantawa matan Dabokpa ba za su bar ni ba. Har gobe in na ratsa unguwar a kan babur sai wata ta ɗago kai daga tiren tumatir ta ce, "Tica, hasken ya ƙaru kuwa?"

Bari in faro daga tushe. Mahaifiyarmu, da muke kira Mma, ta tsani hoto. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Bayan rasuwarta muka duba kaf, ba mu samu komai ba sai na katin zaɓe, wanda ita kanta ba za ta gane kanta a ciki ba. Da shekaru suka ja sai na lura fuskarta tana guje mini. Ina tuna muryarta, ina tuna ƙamshin man kaɗen da take shafawa, amma in na rufe ido don in kalle ta sai in ga kamar tana bayan labule. Ko a mafarki haka take zuwa, dishi-dishi. Abin ya dame ni ƙwarai, ban kuma gaya wa kowa a gida ba.

Fuseni na gaya wa, abokin aikina a makarantar da muke koyarwa a Kasalgu. (Mutum ne da duk abin da ya gani a waya sai ya gwada, har wanka da ruwan ƙanƙara ya taɓa ɗora wa kansa.) Ya ce ai akwai dabara. In kwanta lokacin ƙailula, kada in motsa ko da ƙuda ya sauka a hancina, in bar jiki ya yi barci amma hankali ya zauna a farke. Jiki zai yi nauyi, kunne ya fara ruri, launuka su riƙa yawo a bayan fatar ido, sai kawai in tsinci kaina cikin mafarki ina sane da cewa mafarki ne.

"To in gani ya yi dishi-dishi fa?" na tambaye shi.

"Ka murza tafin hannunka, ka juya kamar katantanwa, sannan ka faɗa da ƙarfi, haske ya ƙaru. Mafarki yana jin umarni."

Ni da ko ɗalibaina ba sa jin umarnina, na ce bari in gwada a can. Na daɗe ina fama. Galibi barci ne kawai yake kwashe ni, in farka da yawu a kan filo. Sau ɗaya dai na kai bakin ƙofa. Katifa ta riƙa lilo da ni, wani shuɗin haske ya buɗe, na hango tsakar gidanmu da inuwar mace tana tankaɗe. Murna ta sa na motsa yatsa, komai ya watse.

Ranar bikin tun safe nake jigilar kujeru da rumfa. Bayan azahar na narki tuwon zafi da miyar ayoyo, na zame na shiga wani ɗaki na miƙe a tabarma, tabarauna a fuska. (Ku riƙe wannan: in ba tabarau, ko allo ba na gani daga kujerar gaba.) Na ce ga gajiya, ga ƙoshi, yau ce ranar.

Gangunan makaɗa a ƙofar gida suka riƙa yin nisa har suka koma ruri. Kore da ja suka fara iyo a idona. Jikina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun masara. Can na ji hannu mai sanyi ya shafi goshina, da ƙamshin man kaɗe. Na daure ban motsa ba.

Da na buɗe ido komai ya narke. Ƙofa ta zama farin haske mara baki. Na ce a raina, alhamdulillahi, na shiga. Na tashi a hankali don kada in farka, na fita tsakar gida. Mata sun zama launuka masu yawo, hayaƙin murhu yana ratsa su, muryoyi suna zuwa kamar daga rijiya. A bakin murhun ga mace tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, da koren mayafin Mma a kanta. Na ce a raina, wallahi ita ce.

Fuskar ce kawai ba ta fita. Na murza tafin hannu. Na buɗe hannuwa na juya, na sake juyawa, ƙafata ta yi fatali da wata roba. Sannan na cika baki na ce, "Haske ya ƙaru!"

Gidan ya yi tsit. Na ce ashe da gaske mafarki yana jin umarni, na sake faɗa da ƙarfin da ya fi na farko. Na nufi matar, na kama fuskarta da hannu biyu, na matso har hancina ya kusa taɓa nata.

"Mma, don Allah kada ki rufe. So nake in gan ki sosai."

Daga kusa haka idona yana aiki, na kuwa gan ta. Ga idanun, ga wushiryar, ga layin nan da ke tsakanin gira. Hawaye suka zubo mini.

Matar ta sa hannu a haɓar zaninta, ta ciro tabarauna ta maƙala mini. "Na ga ka kwanta da shi ne, ɗana, na cire maka kada ya karye."

Haske ya ƙaru kam. Inna Azara ce, ƙanwar Mma, wadda rabona da ita tun zaman makoki. Isowarta ke nan daga Kumasi, ta kuma yafa mayafin da ta samu a rabon kayan Mma don a ce 'yar'uwarta ta halarci bikin. A bayanta ga dangin ango daga Changli jere a kan benci, kowace da loma a hannu ta kasa kaiwa baki. Robar da na shura kuwa ta shinkafarsu ce. Na ji wata tsohuwa a cikinsu tana tambaya ƙasa-ƙasa, "Dama akwai irin wannan ciwon a gidan?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna Azara ta juya ta ce, "Ba ciwo ba ne, Hajiya, maraici ne. Uwarsa yake nema." Wasu suka fashe da dariya, wasu suka goge ido, Sadiya daga ɗakin amarya ta yi duka biyun.

Sai Inna ta kama kunnena kamar ɗan aji ɗaya. "Ina Kumasi da rabin fuskarta, ba ka taɓa zuwa ka gaishe ni ba, sai ka tafi nemanta a barci?"

Darasin da na koya biyu ne. Kafin in ba duniya umarni, sai na fara shafa hancina in ji ko tabarau na nan. Na biyu, duk hutun makaranta ina Kumasi. Nakan zauna gaban Inna Azara in yi ta kallonta tana tsince wake, har abin ya ishe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya.